Yadda ake auna nauyin mai binciken guba da illolin magani

Ɗalibin Garwa ko Marwa da ke neman malamin da zai duba masa aikin digiri, da ɗan jaridan da ke son masanin da zai yi wa jama'a bayani a rediyo kan jabun magani, tambayarsu ɗaya ce: wannan dakta da ake ta ambato, aikinsa ya kai yadda ake faɗa? Ga hanyar da nake bi.

Fara da tabbatar da mutumin. Sunayenmu suna maimaituwa, ga kuma rubutun Faransanci da ke mai da Umaru ya koma Oumarou. Ka nemi sunan da rubutun biyu a PubMed da Google Scholar, shafukan intanet da ake neman takardun bincike a cikinsu, ka haɗa da sunan jami'arsa, ko ta Ngaundere ce ko ta Njamena. In yana da lambar ORCID, wato lambar shaidar masu bincike, an huta, domin kowane mai bincike tasa daban.

Daga nan sai alƙaluma. Wanda aka fi dubawa shi ne ma'aunin h, da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. In an ce h ɗin mutum 15 ne, yana da takardun bincike 15 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 15 a cikin wasu takardun bincike. Ka duba, amma kada ka tsaya nan. Dattijon da ya shekara talatin yana rubutu yakan fi matashi, wani kuma shi ke ta ambaton kansa.

Aikin gaske shi ne ka buɗe jerin waɗanda suka ambace shi, ka ga me suka ce. A 2013 wasu masu bincike suka wallafa a mujallar Angewandte Chemie cewa sun samu tiramadol a saiwar tafashiya da aka tono a arewacin Kamaru, wato itacen da kansa yake yin maganin. Labari ya zagaya duniya. A 2014 ayarin Michael Spiteller na Jamus, tare da abokan aikinsu 'yan Kamaru, suka nuna cewa ƙwayar da ake bai wa shanu ce take fita a fitsari da kashi, ta shiga ƙasa, saiwa ta tsotsa. Duk wanda ya san yadda tiramadol ya cika kasuwanninmu, har dabbar noma ake ɗura wa don ta jure rana, bai yi mamaki ba. Takardar farko ta tara ambato, amma a cikin masu ambaton har da masu musanta ta. Kwamfuta ba ta bambance yabo da gyara, duk ɗaya take ƙirga su.

Ka leƙa Retraction Watch, shafin da ke bibiyar takardun binciken da mujallu suka janye, ko an taɓa janye masa takarda. Ka kuma yi hattara da mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin 'yan kwanaki ba tare da masana sun tace ba.

Yanzu ɗauki takardunsa biyu ko uku ka karanta sashen yadda aka yi gwajin. Ɓeraye nawa? Wane awo aka ba su, kwana nawa? An duba hanta da ƙoda? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a jiƙa ganye a bai wa ɓera na mako biyu, washegari a ce wa mai ciki ta sha ba komai.

Tambayar da na fi bai wa nauyi: aikin nan ya canza abin da ake ba majinyaci? A Kamaru an gano cewa aibamektin, maganin makantar da ƙudan rafi ke kawowa, yana iya taɓa ƙwaƙwalwar wanda jininsa ya cika da tsutsar ido, har ya kai ga mutuwa. Joseph Kamgno da abokan aikinsa suka gwada wata na'ura da ake haɗawa da wayar hannu a yankin Okola na Kamaru: a ɗiga jini, a ƙirga tsutsa nan take, a ware mai haɗari. A rahotonsu na 2017 sama da mutum 15,000 sun sha maganin ba wanda ya samu mummunar illa.

Irin wannan sawun za ka nema wa malaminka. Ka duba ko sunansa ya fito a ƙa'idojin ma'aikatar lafiya ko na Hukumar Lafiya ta Duniya, ka kuma tambaye shi, cikin ladabi, rahoton illar magani nawa ya taɓa aika wa hukuma daga asibitin da yake aiki.