Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa katakon jagora na fafe tsagin ƙarfen wuyan jita

Tsirkiyoyin ƙarfe shida na jita marar lantarki suna jan wuyanta da nauyin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana, ko ana kaɗa ta ko tana rataye. Shi ya sa ake binne sandar ƙarfe mai noti a cikin wuyan, don idan ya fara lanƙwasa a juya notin ya miƙe. Thaddeus McHugh na kamfanin Gibson ne ya nemi rajistar wannan dabara a 1921 aka ba shi a 1923, kamfanin Martin kuwa bai koma kan sanda mai juyuwa ba sai 1985. Sandar tana kwanciya ne a wani tsagi da rauta, injin fafe katako mai baki mai juyawa, ke fafewa, rauta kuma ba ta bin layi da hannu kawai, komai ƙwarewarka. Dole sai da jagora: faffaɗan katako a ƙasa inda wuyan zai kwanta, dogayen katakai biyu a gefe da gindin rauta zai bi ta tsakaninsu, da matsaya a kowane ƙarshe. Abin da sauƙi a ido. Amma yawancin ɓarnar da ake yi, an riga an yi ta tun kafin a kunna injin.

Babban kuskure shi ne haɗa jagora alhali sandar ba ta hannunka. Mutum ya ga awo a intanet, ya sayi bakin rauta, ya fafe, sai sanda ta iso ta ƙi zama. Akwai sanda mai faɗin milimita 6, akwai mai rubu'in inci, wato milimita 6.35. Wannan ɗan bambancin da ido ba ya gani shi ne tsakanin sandar da ta shiga daram da wadda za ta riƙa kaɗawa a ciki, kana buga wata tsirkiya kana jin zuzz daga inda ba za ka iya kai hannu ba. Zurfi ma haka: wasu milimita 9 da ɗoriya suke so, wasu har 11. Kuma sau da yawa kawunan sandar, inda zaren noti yake, sun fi jikinta kauri, sai an ɗan faɗaɗa musu wuri da cizal. Ka sayi sandar tukuna, ka auna ta da ma'aunin kauri a tsakiya da kawunan biyu, sannan ka zaɓi baki. Wani abu da ya shafi lafiyarka: kada ka ɗaure baki mai ƙafar milimita 6 a mariƙin rubu'in inci don ka ga ya shiga. Zai zame yana cikin gudu, ya ƙara zurfi da kansa, ko ya fice gaba ɗaya.

Sai rikita nau'in sanda. Mai aiki ta fuska biyu, wadda ke iya lanƙwasa wuya gaba ko baya, miƙaƙƙen tsagi mai zurfi ɗaya take buƙata, kuma ita nake ba duk mai farawa shawarar ya ɗauka. Ta gargajiya mai fuska ɗaya, siririyar sanda guda mai kaurin kusan milimita 4.8, a lanƙwashe take kwanciya. Idan aka ɗaure noti tana ƙoƙarin miƙewa, wannan yunƙurin ne ke tura tsakiyar wuya sama. In ka sa ta a miƙaƙƙen tsagi, ka yi ta ɗaurewa, aikin da za ta yi kaɗan ne, ƙarshenta notin ya nutse cikin katako ko zaren ya cinye. Don haka jagorarta sai an sassaƙa saman katakan gefe da lanƙwasa, rauta ta hau ta gangara a kansu. A nan ne ake juya lissafi. Abin riƙewa shi ne tsakiyar sandar ce ta fi kusa da bayan wuya. Idan ta saman da za a manna allon yatsu (katakon da ake danna tsirkiya a kansa) kake fafewa, tsakiya ce za ta fi zurfi. Idan ta baya ne, irin wuyan jitar kamfanin Fender na katakon mefil guda ɗaya da ake toshe tsaginsa da baƙin katakon walnat, to tsakiyar ce ba ta da zurfi, ƙarshen biyu su ne masu nutsewa. Wanda ya kife wannan ya haɗa sandar da ke taya tsirkiya ja.

Inda na fi ganin ana faɗuwa, kuma inda ya kamata a fi daɗewa, shi ne layin tsakiya. Wuyan jita ba faɗinsa ɗaya ba: wajen kai kusan milimita 42 ko 43, wajen gindi kusan 56. Duk wanda ya riga ya yanke wannan sirantar sannan ya jingina gefen wuyan da katakon jagora, tsaginsa zai fito a karkace, ba makawa. Ka fafe tun katakon yana da gefuna miƙaƙƙu, kafin yanka da sassaƙa. Ko a hakan ma kada ka amince da gefe. Ja layin tsakiya a kan katakon wuyan da wuƙa ko fensir mai tsini, ka gangaro da shi ta ƙarshen biyu, ka ja irinsa a gindin jagorar, ka haɗa su. Sannan ka ɗaura baki mai tsini a rauta, injin a kashe kuma a cire daga wuta, ka sauke tsinin ya taɓa layin a wannan ƙarshen, ka tura zuwa wancan. In ya bar layi ko da kaurin gashi ne, gyara kafin ka ci gaba.

Akwai tarko ɓoyayye a nan. Gindin rauta mai zagaye ba lallai ne bakin yana daidai tsakiyarsa ba. Ka yi zagaye na farko hannun injin na kallonka, na biyu ka ɗan juya shi, sai tsagin ya faɗaɗa ko ya yi mataki a gefe, ka rasa dalili. Manna ɗan tef a gindin, ka riƙa fuskantar da shi gefe guda kullum. Ko kuma ka cire gindin ka yi masa na murabba'i wanda ba zai juya tsakanin katakan ba.

Katakan gefen su ma suna da nasu. Wasu suna barin sarari don rauta ta yi sulɓi, sai ta riƙa rawa hagu da dama. Hanya mai sauƙi: ɗaure na farko da sukuru, ka jingina gindin rauta da shi, ka saka takarda ɗaya a tsakani, ka matso da na biyu ka ɗaure, ka zare takardar. In ya yi tauri, shafa kyandir, kada ka sassauta sukuru. Kuma siririn katako yana buɗewa a tsakiya idan ka danna, don haka a yi amfani da MDF (allon garin katako da aka matse) ko filawud mai kaurin milimita 18, da sukuru kusa da kusa. Shi kansa wuyan a matse shi da ƙananan katakai masu tsini ta gefe ko abin matsewa da ba zai tare wa injin hanya ba. Tef mai manne biyu shi kaɗai, a kan katako mai ƙura, ni ban yarda da shi ba.

Wani kuskuren kuma shi ne son cinye zurfi a zagaye ɗaya. Bakin milimita 6 siriri ne, ka nutsa shi milimita 9 lokaci guda zai yi zafi, ya ƙona katako, ya kauce, wani lokaci ya karye. Milimita 3 a kowane zagaye ya isa, kana share garin katako tsakani, domin garin da ya cushe a tsagi ko ya maƙale ƙarƙashin gindin injin yana canza awo. Ka auna zurfin daga fuskar wuyan, ba daga saman jagora ba. Ka kuma yi lissafin abin da zai rage. Wuyan da kaurinsa duka milimita 21 ne wajen kai, allon yatsu ya ɗauki 6, saura 15. Tsagi ya ci 9.5, saura 5.5 a baya. In sanda mai 11 ce, saura 4, tun kafin sanfefa ta ci nata. Masu wannan sana'a ba sa son abin ya gaza milimita 3, don ƙasa da haka sandar na iya tsage bayan wuyan, ko kana cikin sassaƙa ka ga ƙarfe ya leƙo.

Matsaya biyun ba ado ba ne. Ka ɗora sandar a kan katakon, ka yanke shawarar ta ina makulli zai shiga ya juya noti, ta kai ko ta gindi, ka yi alama, sannan ka kafa su. Kuma duk wannan a fara gwada shi a kan guntun katako mai tsawon wuyan. Sandar ta shiga da ɗan dannin yatsa, samanta daidai da fuskar katakon, ka kife ba ta faɗo ba.

In ɓarna ta riga ta faru, yawancinta tana gyaruwa muddin ba a manna allon yatsu ba. Tsagi ya yi faɗi, manna siririn ɓawon katako a gefe. Ya yi zurfi, shimfiɗa masa siririn katako a ƙasa da gam. Ya kauce daga tsakiya kaɗan kuma katakon yana da sauran faɗi, goge tsohon layi ka ja sabo daga tsagin. Ya karkace sosai, toshe shi da katako iri ɗaya, ka bar gam ya bushe, ka sake fafewa.

Kafin rufewa, juya notin a hannu ka tabbata walda ba ta saki ba, ka ga ta inda sandar ke lanƙwasa. Juyi zuwa dama ya kamata ya ɗaga tsakiyarta sama wajen allon yatsu. In akasin haka ka gani, a kife take. Mayar da ita miƙe, ɗiga silikon kaɗan a wuri biyu ko uku cikin tsagin don hana kaɗawa, ka rufe samanta da siririn tef yayin shafa gam, don kada gam ya gangara kan zaren noti ya daskarar da shi.