Yadda ake datsar katoɓarar tauraro har ta zama sara

Shekara 7 ke nan ina zaune a shagon caji da tura fina-finai a Samarun Zariya, kuma rabin masu kawo mini waya ɗaliban jami'ar ABU ne. Da can fim ake nema da waƙa. Yanzu sai ka ga yaro ya leƙo ya ce, "Oga, kana da sitikar jarumin nan da aka yi wa tambaya ya tsaya yana kallon silin?" Tun ina tura na wasu har na fara yanka nawa. To tunda kullum sai an tambaye ni yadda ake yi, bari in zayyana sau ɗaya in huta.

Turawa suna ce wa abin mim, kalmar da wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Richard Dawkins, ya ƙirƙiro a 1976. Mu ba shi muka jira ba. Tun tuni muna da sara: maganar da wani ya yi, gari ya ɗauka, kowa ya riƙa jefa ta inda ta dace da inda ba ta dace ba, har yayinta ya wuce. Gudu kawai waya ta ƙara mata.

Aikin farko shi ne kallo, kuma a nan yawanci ake gajiya. Ka nemi hirar gaba ɗayanta, kada ka dogara da gutsuren da wani ya riga ya yanka. Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa, shirin hira na Hadiza Gabon, tashoshin YouTube masu tare jaruman Kannywood da mawaƙa a wurin biki, duk ina bi. Nakan sa abin jin magana a kunne ɗaya, ɗaya kunnen na bar wa masu karɓar caji, ga biro da bayan littafin rasit. Duk inda mutum ya yi suɓul-da-baka, ko ya ba da amsar da ba ta haɗa hanya da tambayar ba, sai in rubuta mintin. Hirar minti 40 takan ba ni wuri 5 ko 6, a ƙarshe ɗaya nake ɗauka, wani lokacin ma babu.

Wadda ta fi ban dariya ba lallai ita ce za ta yi tafiya ba. Wadda ake nema ita ce maganar da za ta iya rabuwa da mai ita ta shiga bakin kowa. Ga yadda nake gwadawa: in faɗe ta a raina ga mai shayin da nake bin bashi ko yake bina, in faɗe ta ga ɗalibin da sakamakon jarrabawa ya fito masa ba daɗi, in faɗe ta ga uwargida da ta tambayi inda albashi ya shiga. In ta zauna a wurare ukun nan, ta ci. In kuwa sai an yi bayanin wane ne ya faɗa da dalilin da ya sa, a bar ta, labari ce.

Misalin da nake ba yarana shi ne na watan Maris na 2013. An gayyaci kwamandan hukumar tsaro ta NSCDC na Jihar Legas shirin safe na gidan talabijin na Channels, aka tambaye shi adireshin shafin hukumarsa na intanet. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce ba zai faɗi wani ba alhali ogansa na sama yana iya faɗin wani daban, da aka matsa masa ya fara karanto adireshin ya tsaya a rabi ya ce shi ke nan. Kafin wani lokaci "oga at the top" ta cika ƙasa, an buga ta a riguna, an sa ta a kiɗa. Me ya ɗauke ta? Kowane ɗan Najeriya yana da ogan da yake fakewa da shi. Masinja yana da shi, direba yana da shi, ni ma in kwastoma ya nemi ragi nakan ce sai na tambayi mai shago, alhali ni ne mai shagon. Mutane kansu suka gani a cikin maganar, shi ya sa suka riƙe ta bayan sun manta fuskar kwamandan.

Sai yanka, inda gwani yake bambanta da ɗan koyo. Ni da CapCut nake aiki, amma duk manhajar da za ta bar ka ka ja bidiyo a hankali ta isa. Sauke bidiyon ya fi ɗaukar hoton allo, domin ɗaukar allo takan kwaso ƙarar saƙon da ya shigo da alamar batir. Kada abin ya wuce daƙiƙa 7. Nawa da suka fi yawo ba su kai 5 ba. Ɗan koyo yakan datse daidai inda magana ta ƙare, kuma a nan yake zubar da romon. Ka bar rabin daƙiƙa bayan kalmar ƙarshe, lokacin da mai maganar ya haɗiye miyau, ko ya gyara hula, ko ɗan jaridar ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Wannan ɗan shirun shi ke fashe mutane. Akwai wata da na yanka sau 9 ina matsar da wuƙar gaba da baya, sai da na bar ƙiftawar ido ɗaya tak sannan yaron shagona ya tuntsire, na san an zo wurin. Tambayar ɗan jarida kuwa, in gajeriya ce a bar ta, in doguwa ce a cire a rubuta ta a sama da kalmomi kaɗan.

Ka rubuta maganar a ƙasan bidiyo da manyan haruffa farare masu baƙin gefe, domin da yawa a aji ko a cikin bas suke kallo, murya a kashe. Ka rubuta ta yadda ya faɗe ta. In Bakano ne ya ja kalmar irin tasu, kada ka gyara masa, mu Zage-zagi ai nan muke samun na tsokanar abokan wasanmu. Sunanka kuma ka sa shi ƙarami a lungu. Wanda ya shimfiɗa lambar wayarsa a tsakiyar fuskar jarumi, ba mai tura masa.

Daga bidiyo ɗaya abu uku nake fitarwa: shi kansa gajeren bidiyon don Status da Facebook, muryar zalla don TikTok inda wasu za su ɗora ta a kan nasu bidiyon suna motsa baki, sai sitika. Tun 2018 WhatsApp ya kawo sitika, girmanta ɗigon hoto (pixel) 512 a tsaye 512 a kwance, kuma yanzu daga cikin manhajar ma ana iya mayar da hoto sitika. Ka tsayar da bidiyon a inda fuskar ta fi faɗin abin da baki bai faɗa ba, ka goge bayan hoton, ka sa kalma 2 ko 3. Sitika ta fi sauran tsawon rai saboda ba ta cin data sosai kuma ana ajiye ta. Dubi Aki da Pawpaw, wato Chinedu Ikedieze da Osita Iheme: fina-finan da suka yi tun farkon shekarun 2000 ne, amma har yau fuskokinsu suna yawo a wayoyin mutanen da ba su taɓa kallon fim ɗin Najeriya ba.

Yanzu bari in faɗi inda na taɓa ƙona hannuna. Wata jaruma ce ake hira da ita, tana ba da labarin abin da mutane suke faɗa a kanta. Ta fara da "wai". Ni kuma da na zo yanka, na ga maganar ta fi daɗi ba tare da wannan 'yar kalmar ba, sai na fille ta. Nan take zargin da ake yi mata ya koma kamar ita ce take amsa laifi da bakinta. Kwana 2 abin yana yawo ina jin kaina. Ran na uku yayata ta zo daga Tudun Wada karɓar wayarta, ta ajiye mini cikakkiyar hirar a kan tebur ta ce, "Kai yanzu in ni aka yi wa haka, me za ka ce wa Inna?" Ban ce komai ba. Na goge nawa, amma na wayoyin mutane fa? Hausa tana da haɗari wajen yanka: ka cire "wai", ko ka cire "ba" ta farko, ka mayar da fari baƙi. Tun daga ranar, in na gama yanka sai na sake kallon minti ɗaya kafin wurin da minti ɗaya bayansa. In ma'anar ta sauya, na watsar.

Akwai kuma wuraren da ba na taɓawa ko da za su kawo mabiya dubu: addini, auren mutum, rashin lafiya, in'ina ko wata lalura, da maganar da aka yi cikin kuka. Wanda tsoron Allah bai hana shi ba, to ya tuna akwai kotu. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, an yi mata gyara a 2024. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon barkwanci a kan gwamnan jihar na lokacin. Daga Zariya zuwa Kano ba nisa.

Wajen saki, kada ka fara da babban dandali. Ni a zauren WhatsApp na 'yan ƙwallon unguwarmu nake fara jefawa bayan sallar isha'i, kuma ba na cewa ga sabuwar sitika. Jira nake wani ya yi maganar da ta dace, misali ya fara kawo uzurin kuɗin gudummawa, sai in amsa masa da ita. In mutum 3 suka ajiye ta suka yi amfani da ita a wata maganar daban kafin gari ya waye, sai in kai ta TikTok da Facebook. In shiru ne, kada ka sake turawa kana roƙon a yaɗa, ka koma bayan littafin rasit ka ɗauki minti na gaba. Sauri ma yana da muhimmanci, domin hirar da ta kwana 3 wani ya riga ka.

Daga nan abin ya bar hannunka. Za a goge sunanka, a canja rubutun, wani a Kwangila ya rantse shi ya fara. Za ka san ta kama ranar da ka ji ɗan acaɓa a PZ ya jefa wa fasinja ita wajen cinikin kuɗin hawa, ba tare da ya san daga bakin wa ta fito ba. In ka ji ta a tallar magani a rediyo ko a bakin ɗan siyasa a kan mumbarin kamfe, yayinta ya zo ƙarshe.

Cikakkiyar hirar kuwa ka ajiye ta, kada ka goge don neman wuri. Ni ina da memori guda a aljihun tebur, ƙarƙashin cajojin da masu su suka manta, kowace hira da ranar da na sauke ta da mintin da na yanka.