Yadda ake neman adimishan na karatun kasuwanci a jami'o'in Legas

Bara waccan ni na yi wa ƙanina zirga-zirgar neman jami'a tun daga cike JAMB har ranar da ya buga takardar adimishan ɗinsa, to tun daga nan duk wanda yaronsa ya gama sakandare a layinmu nan Agege sai a turo shi shagona, wai ni na san kan abin. Shi ne na ce bari in rubuta kowa ya huta. Abin da na lura, yaranmu ba a ɗakin jarrabawa suke faɗuwa ba, yaron da tun yana firamare yake ba da canji a Mile 12 ai lissafi ba baƙonsa ba ne, a wajen cike-cike da takardu ake barinsu a baya.

Da farko ka san me kake son karantawa, kar ka je kafe yaron kafe ya zaɓa maka. A UNILAG da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, tsangayar sunanta Management Sciences, a cikinta akwai Accounting wato aikin akanta, akwai Business Administration, akwai harkar banki da kuɗi, da inshora da lissafinta wanda suke ce wa Actuarial Science, sai kuma sashen kula da ma'aikata. LASU da ke Ojo, ta gwamnatin jiha ce tun 1983 zamanin Jakande, ita ma tana da irin wannan tsangayar, kuma in kana Alaba Rago ai maƙwabciyarka ce. Digirin shekara huɗu ne. In ka tambaye ni, yaron da yake da kan lissafi ya ɗauki akanta, don yana karatu yana iya haɗawa da jarrabawar ICAN ta zama ƙwararren akanta, wanda kuma zai dawo ya riƙe shagon babansa ne to Business Admin ta ishe shi.

Sai ka ɗauko sakamakonka na WAEC ko NECO ka zauna ka duba shi da kyau. Kiredit biyar ake so, dole da Turanci da Lissafi da Ikonomiks a ciki, sauran biyun daga irin su Gwamnati, Komas, Akawun ko Jogirafi. Kiredit daga A1 ne zuwa C6, D7 da E8 fas ne kawai ba sa shiga. In Lissafi D7 ka ci, ɗan'uwa kar ka ɓata kuɗin fom, koma ka gyara tukunna. Kuma UNILAG a zama ɗaya take son biyar ɗin, ba ka kawo uku daga WAEC ka cika biyu daga NECO ba.

Yanzu ga inda muka sha wuya. Kafin ka taɓa JAMB sai kana da lambar NIN, ka ajiye takardar NIN da sakamakon sakandare gefe da gefe ka karanta sunan harafi bayan harafi, har ranar haihuwa. Ƙanina a takarda ɗaya Muhammad ne, a ɗayar wani yaron kafe ya rubuta masa Mohammed tun shekarun baya ya kuma juya sunan baba ya koma gaba, mu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, ai a wajenmu duk suna ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san wannan ba. Sai da muka yi takardar rantsuwa a kotu muka yi ta sintiri cikin gosulo kafin abin ya daidaita. Masu suna Abubakar da Abdullahi da A'isha ku ma ku duba naku tun da wuri.

In suna ya daidaita, ka rubuta NIN ka bar fili ka sa lambobinka 11 ka tura zuwa 55019 ko 66019, za a turo maka lambar furofayil, da ita za ka sayi lambar PIN ta rajista sannan ka tafi cibiyar CBT, wato wajen jarrabawa ta kwamfuta, da JAMB ta amince da ita a ɗauki hoto da yatsunka. Layin wayar da ka tura saƙon da shi ka riƙe shi kamar kuɗi, kar ka ari na aboki, ta nan komai zai riƙa zuwa. Darasi huɗu za ka zaɓa, Turanci dole ne, sai Lissafi da Ikonomiks, na huɗun ka duba ƙasidar JAMB ka ga wanda jami'ar ta yarda da shi a kos ɗinka don akwai ɗan bambanci tsakaninsu. Makarantar da kake so ka sa ta zaɓi na farko, UNILAG da LASU duk ba sa kallon wanda ya ajiye su a na biyu. Shekarunka kuma su kai 16.

Jarrabawar tambaya 180 ce cikin awa biyu, maki 400. UNILAG ba ta sauraron wanda bai kai 200 ba, amma 200 ɗin fa bakin ƙofa ne kawai, a nan mutane suke ruɗewa su ce yarona ya ci 210 me ya sa ba a ɗauke shi ba. Ga yadda suka saba haɗa makin: JAMB kashi 50, jarrabawar tantancewa ta makaranta wato Post-UTME kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20. Makin JAMB raba shi takwas ake yi. A sakandare A1 maki 4 ne, B2 3.6, B3 3.2, C4 2.8, C5 2.4, C6 kuma 2. Mu ce yaro ya ci 264, ya samu 33 ke nan. Yana da B2 ɗaya, B3 biyu, C4 da C5, sun haɗu 15.2. In ya kawo 20 a tantancewa jimla 68.2, wannan lambar za ka kai ka gwada da makin da sashen ya yanke a shekarar da ta wuce, suna sakawa a shafinsu. Ka ga wanda ya tara C6 biyar 10 kacal ya samu, mai A1 biyar 20, tun kafin a zauna jarrabawa an ba shi ratar maki 10.

Akwai maganar jiha da ba a cika gaya mana ba. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurbi na cancanta ne zalla, 35 na jihohin yankin makarantar, 20 na jihohin da aka ce suna baya a boko. Yankin UNILAG shi ne Legas, Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti, kuma asalin jiharka ake dubawa ba inda aka yanke maka cibi ba, ko a Idi-Araba aka haife ka in takardar ƙaramar hukumarka ta Katsina ce to kai ɗan Katsina ne. Saboda haka ka yi niyyar makin cancanta kawai. Kuma dan Allah kar wani ya ruɗe ka ya yi maka takardar ɗan asalin Legas ta bogi, ana tantancewa, in ta tonu ko ka shiga aji sai ka fita.

Bayan sakamako ya fito ka sa ido a shafin makarantar da kanka, ka cike fom ɗin tantancewa kafin a rufe. Sannan ka koma cibiyar CBT a ɗora sakamakon sakandarenka a shafin JAMB, musamman in lokacin rajista kana jiran sakamako ne. Wani yaron maƙwabcinmu makinsa ya kai, amma ya manta da wannan, yana ta jira har aka gama ɗauka. Adimishan ta CAPS yake fitowa, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, in ya fito ka danna ka amince, ka buga takardar, sannan ka biya kuɗin karɓa ta shafin makaranta. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi asusunsa yana da mutum a ciki, ɗan damfara ne, wanda bai bi ta CAPS ba ba adimishan ba ne. Kuɗin makaranta in ya yi nauyi akwai bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 don makarantun gwamnati.

In bana bai yiwu ba akwai wasu ƙofofin. Mai ND daga irin su Yabatech, ko mai NCE, ko wanda ya yi karatun share fagen shiga jami'a na IJMB ko JUPEB, zai iya sayen fom ɗin Direct Entry ya fara daga aji biyu. Wanda kuma ba zai iya rufe shago ba akwai karatu daga nesa na DLI ta UNILAG da na jami'ar NOUN, ana karatu ana kasuwa, sai dai ka sani masu irin wannan karatun ba sa zuwa bautar ƙasa, takardar cirewa NYSC take ba su.

Wani Alhaji ya taɓa tsayar da ni bayan sallar Juma'a ya ce shi Lagos Business School yake so ya kai ɗansa, ya ji ana yabonta. Na ce Alhaji ai ta manya ce, tana hanyar Lekki zuwa Epe wajen Ajah ƙarƙashin jami'ar Pan-Atlantic, MBA suke yi, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, da kwasa-kwasan shugabannin kamfani, sai mutum ya yi digiri ya gama bautar ƙasa ya taɓa aiki sannan ya zauna jarrabawar shiga. Ya yi shiru, sai ya ce to shi da ya yi digiri a Zariya tun da daɗewa kuma shekara ashirin yana sauke kaya a Apapa fa? Na ce ranka ya daɗe kai ne ma irin wanda suke nema, yaron dai a fara gyara masa Lissafin nan tukunna.