Yadda ake duba tantanin kitsen cikin kare a madubin likita

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ya san wannan tantanin mai kama da raga da ke lulluɓe hanjin rago. Kare ma yana da shi, likitoci na kiransa omentum. Na kare dogo ne: daga bayan tumbi yake tasowa, ya bi ƙarƙashin hanji har kusa da mafitsara, ya naɗo ya komo, ya zama ninki biyu. Saifa na rataye a jikinsa ta hagu. Idan gadu ya farke cikin karen farauta, sau da yawa shi ne ke fara leƙowa ta bakin raunin. Na rubuta wannan ne don ɗaliban kiwon lafiyar dabbobi na Zuru da Bakura da za su haɗa silaid ɗinsa karon farko.

Fara da kariyar kanka. Sa safar hannu, kuma kada ka taɓa gawar karen da ake zargin ciwon hauka ya kashe shi. Samfurin ya fito daga tiyata ko binciken gawa, da izinin mai karen. Yi sauri, don zafin Afrilu a Kebbi ba ya jiran kowa, nama na fara lalacewa tun kana neman almakashi.

Ɗaga tantanin ka fuskanci haske, za ka ga kashi biyu: inda kitse ya bi jijiyoyin jini ya yi kauri, da inda ya yi shara-shara har kana hango yatsanka. Yanko daga kowanne, kamar faɗin farce. A nan yawancin ɗalibai ke kuskure, su ɗauki mai kitsen kawai don shi ne ke kamuwa a hannu. Mai shara-sharan yana dunƙulewa kamar jiƙaƙƙiyar yanar gizo-gizo, don haka ka shimfiɗa shi a kan ɗan kwali ko takardar tacewa kafin ka jefa shi cikin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. Ruwan ya ninka naman sau 10. Kitse yana tasowa sama, sai ka danne shi da auduga, ka rufe kwalbar, ka ba shi awa 24 zuwa 48.

Sauran aikin sananne ne: a bi da naman cikin barasar gwaji daga kashi 70 har zuwa 100 don ta zuƙe ruwansa, sai zailin mai fitar da barasar, sai kakin farafin, a yanka kaurin maikuron 4 zuwa 5 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a rina da himatoksilin (shuɗin rini) da iyosin (rini mai ruwan hoda). Ni dai na taɓa asarar samfuri uku rana guda, wuta ta ɗauke kakin ya daskare rabin hanya.

A madubi fara da ƙaramin ido mai ninki 4. Ɓangaren kitse zai fito kamar saƙar zuma, ramuka farare fayau, saboda zailin ya narkar da kitsen ya bar bangon ƙwayoyin kawai. Koma ido mai ninki 40 ka bi gefen naman a hankali. Akwai layi ɗaya tak na ƙwayoyi masu faɗi, cibiyoyinsu shuɗɗa a kwance kamar ƙwayar riɗi. Shi ne mesotiliyom, shi ke sa tantanin santsi, hanji na motsi ba ya gogewa. A ɓangare mai shara-shara, layin nan yana zaune ne kan 'yan zaruruwan kolajin masu ruwan hoda.

Littattafai za su ce ka nemi "ɗigon madara", wato tarin ƙwayoyin garkuwar jiki da masanin Faransa Ranvier ya raɗa wa wannan suna a 1874, bayan ya gan su a jikin zomo. Kada ka kwana kana nema. Binciken da aka yi a Jami'ar Ghent ta Beljiyam, wanda ya fito a 2016, bai ga irin wannan tarin a karnuka masu lafiya ba, sai 'yan ƙwayoyin garkuwa jefi-jefi. Na ga ɗalibin da ya zana ɗigon a littafinsa don kawai malam ya ambata shi, alhali dattin rini ne ya kwanta a gilashin. Idan kuwa ka ga ƙwayoyin sun yi cincirindo, jijiyoyi sun cika da jini, koma ka tambayi tarihin karen, wataƙila cikinsa ya yi kumburi.

Ƙananan jijiyoyin jini da na ruwan jiki da ke ratsa kitsen, su ne sirrin aikin tantanin. Da su yake tsotse ruwan da ya taru a ciki, yana manne wa inda ya ji rauni, ya toshe, ya kai sabbin jijiyoyi. Shi ya sa likitan tiyata Rutherford Morison ya kira shi ɗan sandan ciki a 1906. Likitan da ya ɗinke hanjin kare yakan jawo shi ya naɗe ɗinkin, haka kuma ana cusa shi cikin ƙurjin mafitsarar maniyyi (prostate) bayan an kwashe mugunya. Kafin ka cire silaid ɗin, ƙirga jijiyoyin da ke fili ɗaya na ɓangaren kitse, ka gwada da na mai shara-shara, ka rubuta lambobin biyu a gefen zanenka.