Kurakuran da Masu Kula da Numfashin Majinyata Suka Fi Yi Wajen Lasisi da Sabunta Shi

Idan hunturu ya kankama a Katsina, hazo ya lulluɓe gari tun daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga, sai ka ga masu asma da tsofaffi masu tsohon tari da yara masu nimoniya sun cika gadajen asibiti. A irin wannan lokaci ne ake sanin darajar ma'aikacin da ya iya daidaita iskar oksijin, ya iya zuƙe majina daga maƙoshin wanda ya kasa tofarwa, ya kuma san abin da na'urar taimaka wa numfashi take nufi idan ta fara kuka da tsakar dare. Na yi shekaru a ofishin da ake ajiye takardun ma'aikata a wani asibiti a nan gari, kuma babu abin da ya fi ba ni takaici kamar in buɗe fayil ɗin irin wannan gwani, wanda kowa a sashensa yake yabon hannunsa, in tarar lasisinsa ya mutu da shekara biyu shi kansa bai sani ba.

Tushen yawancin matsalolin shi ne ɗaukar takardu uku a matsayin abu guda. Akwai shaidar kammala karatu, wadda makaranta ke bayarwa, kuma ita ba ta mutuwa. Akwai takardar rajista, wadda hukumar da ke kula da sana'ar ke bayarwa bayan ta shigar da sunan mutum cikin kundinta. Sannan akwai lasisin aiki, shi kuwa yana da wa'adi, kuma shi ne ke halatta wa mutum ya sa hannu a kan majinyaci a wannan lokaci. Sau da yawa idan na ce wa ma'aikaci ya kawo lasisinsa, sai ya zaro takardar rajista da aka manne cikin leda, yana mamakin me kuma nake nema. Gyaran wannan ba ya buƙatar ko sisi: a fito da lasisin yau, a duba ranar ƙarewarsa, a sa wayar hannu ta yi tuni wata uku kafin ranar.

Daga nan sai rashin sanin hukumar da mutum yake ƙarƙashinta da tsawon wa'adinta. Aikin kula da numfashi a asibitocinmu ya rarrabu ne tsakanin rukunoni, kowanne da hukumarsa. Likitocin fisiyo, waɗanda jama'a ke kira masu gashin ƙashi alhali cikinsu akwai waɗanda suka ƙware a kan ƙirji da huhu, suna ƙarƙashin hukumar MRTB, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta 1988, kuma lasisinsu na shekara-shekara ne. Ma'aikatan jinya, har da na sashen kulawa ta musamman, suna ƙarƙashin majalisar NMCN, su kuma da nasu wa'adin sabuntawa. Likitoci, ciki har da masu sa barci a ɗakin tiyata, na majalisar MDCN ne, kuma kowace shekara suke sabunta nasu. Mutum uku da ke tsaye a bakin gado ɗaya, kowanne da lissafin kwanakinsa, don haka wanda ya ce zai jira sai ya ji abokin aiki ya fara maganar biya, yana iya wayar gari nasa ya daɗe da wucewa.

Akwai wani kuskure da ke manne da wannan, wanda ya yawaita tun annobar korona ta 2020, lokacin da aka yi wa ma'aikata da yawa bitar 'yan kwanaki a kan oksijin da na'urar numfashi. Bitar tana da amfani ƙwarai, amma takardar halartarta ba ta sauya sana'ar da aka yi wa mutum rajista a kanta. Nas da ya yi wannan bita nas ne mai ƙarin horo, kuma kuskure ne ya buga wa kansa kati da laƙabin wata sana'a dabam, domin ranar da aka samu tangarɗa da majinyaci, abin da ke cikin kundin hukuma za a duba.

Kuskuren da ya fi cin lokacin mutanenmu, a ganina, shi ne na suna, kuma ya fi kama mu Hausawa saboda yadda muke rubuta sunayenmu. Mutum ɗaya sai ka ga Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a sakamakon sakandare, Muhammad a katin ɗan ƙasa. Wani an rubuta masa sunan garinsu, Daura ko Malumfashi ko Kankiya, a matsayin suna na ƙarshe a makaranta, amma a fasfo sunan kakansa ne a wurin. Wata kuma ta yi rajista da sunan mahaifinta, bayan aure ta koma amfani da sunan miji a wurin aiki, ba ta sanar da hukuma ba. Ga kuma ranar haihuwa, wadda a takarda ɗaya 1 ga Janairu ce saboda malamin da ya cika fom ya ƙiyasta, a wata kuma ranar gaskiya ce. A da, ma'aikacin da ke karɓar takardu yakan gane cewa mutum ɗaya ne ya wuce da su. Yanzu kwamfuta ce ke gwada suna da suna, harafi da harafi, kuma ita ba ta san cewa Abdullahi da Abdullah ɗaya ne ba. Na ga wata baiwar Allah da ta samu gurbin aiki a waje ta rasa shi, saboda kafin a daidaita sunanta a takardu uku wa'adin da aka ba ta ya cika. Hanyar gyara ita ce mutum ya shimfiɗa dukkan takardunsa a kan tabarma, ya zaɓi rubutu ɗaya da jeri ɗaya, wanda ya fi dacewa ya zama na lambar NIN da fasfo, sannan ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya buga sanarwa a jarida idan sauyin suna ne, ya kai wa hukumarsa ta gyara kundinta. A yi wannan tun ba a neman komai, domin gyaran suna ba ya yin sauri don kawai mai shi yana sauri.

Sai batun biyan kuɗi. Tun da gwamnatin tarayya ta tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, kuɗin hukumominta ta shafin biyan kuɗi na Remita yake bi, inda ake fitar da lambar biya da ake kira RRR kafin a biya a banki ko ta waya. Mutane da yawa sukan tsaya a nan, su riƙe rasit suna ganin sun gama, alhali sai an koma shafin hukumar an ɗora shaidar biya da takardun ƙarin ilimi, an jira amincewa, kafin lasisi ya fito. Mafi muni shi ne miƙa komai ga yaron shagon intanet, ya buɗe wa mutum shafi da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ya zaɓi kalmar sirri da shi kaɗai ya sani. Bayan shekara an dawo, yaro ya bar shago, saƙon maido da kalmar sirri kuma yana tafiya wayar da ba a san inda take ba. Babu laifi a nemi taimakon mai shago, amma a zauna kusa da shi, a tabbatar imel da lambar waya na mai lasisi ne, kuma a karanta sunan hukumar da ke jikin RRR kafin kuɗi ya fita.

Hukumomin nan duka suna neman shaidar ƙarin ilimi kafin sabuntawa. Na ma'aikatan jinya shi ne shirin da aka fi sani da MCPDP. Abin da aka saba shi ne a bari sai watan ƙarshe, sannan a shiga neman kowane taro da ke raba takarda, a biya kuɗin mota zuwa Kano ko Kaduna, a dawo a tarar hukumar ba ta amince da masu shirya taron ba. A tambaya kafin a biya. Ina kuma roƙon masu wannan aiki su riƙa zaɓar bitar da ta shafi numfashi da gaske, domin abin da aka sani game da yawan oksijin da ya kamata a ba jariri bakwaini ko mai daɗaɗɗen ciwon huhu yana ƙaruwa, kuma oksijin magani ne da yawansa ke cutarwa.

Wanda ya tafi ƙaro karatu, ko wadda ta ajiye aiki saboda haihuwa da reno, ko wanda aka mayar ofis, yakan ce ai ba ya taɓa majinyaci, don haka ba ya buƙatar sabuntawa. Idan ya dawo, bashin shekarun baya da tara suna jiransa. Ya fi sauƙi a ci gaba da biya, ko a rubuta wa hukumar kafin tafiya a ajiye amsarta.

Masu niyyar fita waje kuwa, kuskurensu shi ne zaton shekarun da suka yi a kan na'urar numfashi sun isa su ba su sunan ƙwararren mai kula da numfashi a can. A Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta. Hukumar NBRC ce ke shirya jarrabawa ta ba da shaidar CRT da ta RRT, wadda ta fi girma, kuma hanyar da aka sani ta zama jarrabawar ita ce kammala karatun sana'ar a makarantar da hukumar CoARC ta tantance. Cin jarrabawar ma ba lasisi ba ne, domin kusan kowace jiha ita ke ba da nata da sharuɗɗanta. Kalifoniya, misali, tun 2015 take neman RRT daga sababbin masu nema, kuma duk shekara biyu ake sabunta lasisinta. Shaidar NBRC kanta, idan an same ta daga 1 ga Yuli 2002 zuwa yau, shekara biyar take yi, kuma sabunta ta yana iya buƙatar har sa'o'i 30 na ƙarin ilimi. Duk wani dillali da ya ce zai samo wa nas ko likitan fisiyo wannan shaida daga Katsina ba tare da karatun ba, kuɗi kawai yake nema.

Saudiyya ce ta fi jan hankalin mutanenmu, kuma a can hukumar SCFHS ce ke tantance matakin kowane ma'aikacin lafiya bisa karatun da ya yi, ta shafinta na Mumaris Plus. Kafin nan kamfanin DataFlow yakan tuntuɓi makarantar da mutum ya yi da hukumar da ta ba shi lasisi da asibitin da ya ce ya yi aiki, ya tambaye su kai tsaye, sannan ga jarrabawar da ake rubutawa a cibiyar kamfanin Prometric. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a nan ne bambancin suna da shekarun da aka yi aiki da mataccen lasisi suke fitowa fili. Za kuma a nemi takardar shaidar cewa hukumar gida ba ta da wani ƙorafi a kan mutum, kuma ba a ba da ita ga wanda ake bi bashin sabuntawa, don haka mai shirin tafiya ya fara biyan wannan bashi ya karɓi lasisinsa na Najeriya a hannu kafin ya biya kuɗin DataFlow.