Yadda ake yi wa dabbobi maganin kaska, ƙwarƙwata da ƙazuwa

Da ruwan farko ya sauka, ciyawa ta fara tsirowa, sai kaska ta fito. Wadda ta fi addabar makiyaya a ƙasar Hausa ita ce babbar nan mai zane a baya da dogon baki, wadda likitocin dabbobi ke kira Amblyomma variegatum. Ɓarnarta ta wuce shan jini. Bakinta na barin rauni mai zurfi, tana lalata kan nonon saniya har maraƙi ya rasa abin tsotsa, kuma garken da ta yi wa yawa shi kirci ya fi kamawa. Magani kuwa ba ya wuyar samu, daga kasuwar Maigatari har Potiskum. Inda ake yin asara shi ne wajen awo da wajen sanin inda za a zuba.

Da farko, duba abin da ke jikin dabbar. Kaska ana ganinta da ido, amma sai ka duƙa: hantsa, maraina, hammata, ƙarƙashin wutsiya, cikin kunne. Ƙwarƙwata sai an buɗa gashin wuya da kafaɗa, kuma ta fi kama ramammun dabbobi da rani. Ƙazuwa ba a ganin ƙwaronta. Gashi ne ke zubewa, fata ta yi kauri da ɓawo, akuya ta yini tana goga jiki da bango. Kada ka rikita ta da kirci. Ƙwayar cuta ce ke kawo kirci, maganin feshi ba ya warkar da shi, allura yake buƙata daga hannun likita.

Na biyu, zaɓi magani. Kala uku ne suka fi yawa a shagunan maganin dabbobi. Akwai na damawa da ruwa a yi feshi, irin amitraz da cypermethrin. Akwai na tsiyayawa a gadon baya, irin flumethrin da deltamethrin, waɗanda ba a haɗa su da ruwa ko kaɗan. Deltamethrin na kashe ƙudan tsando ma, don haka yana da amfani ga masu kai shanu kudu inda sammore ke yawa. Sai allurar ivermectin, wadda ke maganin ƙazuwa da ƙwarƙwata mai shan jini da tsutsar ciki.

A nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Ivermectin ta yi suna har wasu na ganin ta gama komai, alhali ba ta da wani ƙarfi a kan babbar kaskar damina. Idan kaska ce damuwarka, feshi ko na gadon baya za ka nema.

Kowace kwalba ka ɗauka, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka guji wanda aka ɗura a gorar ruwa babu takarda. Fiya-fiya, maganin feshin wake, baƙin mai da kananzir ba na jikin dabba ba ne. Suna iya kashe kaskar, su ƙona fata, wani lokaci su tafi da dabbar gaba ɗaya.

Na uku shi ne awo, kuma nan ne aikin yake. Sayi sirinji mai lamba ka keɓe shi don wannan aiki, ka rabu da awo da murfin kwalba ko da ido. Amitraz mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari, ana zuba mil 2 (wato ml, awon da ke jikin sirinji) a kowace litar ruwa idan shanu za a fesa wa. Injin feshi na goyo mai cin lita 20 ke nan zai ɗauki mil 40. Ga tumaki da awaki yawanci mil 4 ne a lita. Flumethrin mai kashi 1 cikin ɗari, mil 1 ne ga kowane kilo 10 na nauyin dabba, saniya mai kilo 300 za ta ci mil 30. Ivermectin mai kashi 1 cikin ɗari, mil 1 ne ga kilo 50, a ƙarƙashin fata, ba cikin tsoka ba. Idan takardar jikin kwalbarka ta faɗi wani awo daban, ita za ka bi, don ƙarfin magani na bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Masu rage awo don kwalba ta daɗe su ne ke koya wa kaska jure magani: raunanan su mutu, masu taurin kai su rayu su hayayyafa. Masu ƙarawa don a gama da ita gaba ɗaya kuwa, su ne ke wayar gari da maraƙi a kwance yana dalalar miyau. Dama iya abin da za ka ƙarar a ranar. Amitraz da aka haɗa da ruwa ba ya ajiyuwa.

Na huɗu, feshin kansa. A yi shi da sassafe ko da la'asar sakaliya, ranar da babu hadari. Shayar da dabbobin tukuna, don mai jin ƙishirwa lasar jikinta za ta yi. Sa safar roba, ka rufe hanci da baki, ka tsaya iska na bayanka, yara su yi nisa.

Fara daga ƙasa ka yi sama: ƙafafu, tsakanin kofato, ciki, hantsa, hammata, a ɗaga wutsiya a jiƙa ƙarƙashinta har gashin ƙarshenta, sannan gefuna da baya, kai da kunnuwa a ƙarshe, ana kare ido. Fesa ta fuskar da za ta ɗaga gashi, ruwan ya kai fata. Babbar saniya na cin kamar lita 5. Wanda ya zagaye shanu ashirin da goyo ɗaya, raɓa ya yayyafa musu.

Kofato ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Masu bincike a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta CIRDES da ke Bobo-Dioulasso a Burkina Faso sun gano cewa babbar kaskar nan tsakanin kofato take fara maƙalewa a wurin kiwo, sai dabba ta kwanta da dare sannan ta hau hantsa da ƙirji. Daga nan suka fito da dabarar ɗan kwarmin siminti mai ruwan magani, wanda shanu ke takawa idan sun dawo da yamma. Maƙwabta masu garke kusa da juna za su iya haɗa kuɗi su gina ɗaya. A ganina ya fi goyon inji sauƙi nesa ba kusa ba.

Na gadon baya kuwa, a tsiyaya shi a jere daga tozo zuwa gindin wutsiya, jiki a bushe.

Na biyar, maimaitawa. A tsakiyar damina ana feshi duk mako ɗaya ko biyu, gwargwadon yawan kaskar. Da rani babu dalilin ɓata kuɗi kan 'yan ƙwayoyi kaɗan, a cire da hannu a jefa cikin kananzir. Kada a murje su da yatsa, domin akwai kaskar da ke ɗauke da zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai kama mutum. Ƙwarƙwata da ƙazuwa a sake musu bayan mako biyu, saboda magani ba ya kashe ƙwai, kuma a yi wa duk dabbobin turken tare. Share taki, a ƙone tsohuwar shimfiɗa. Saniyar da aka sayo daga kasuwa a ware ta, a yi mata magani kafin ta shiga garke.

Idan ka auna daidai, ka fesa daidai, kaska ta ƙi faɗuwa, canza sinadarin da ke rubuce da ƙananan baƙaƙe. Canza sunan kamfani kaɗai ba ya komai. Wata kaska 'yar asalin Asiya da aka fara gani a Kodebuwa a 2007 ta bazu a Afirka ta Yamma, kuma an san ta da jure magani.

Na shida, ƙidaya kwanakin jira kafin yanka ko tatsa, suna rubuce a jikin kwalba. Na allurar ivermectin sukan kai wata guda ko fiye, kuma ba a yi wa saniyar da ake shan nononta. Masu turkar ragunan layya su lissafa tun da wuri.

Ba kowace dabba ce ke ɗaukar kowane magani ba. Amitraz na iya kashe doki, kada a kusanta shi da doki ko jaki. Permethrin, wanda ke cikin wasu magungunan karnuka, guba ne ga kyanwa. Ga kare da kyanwa akwai fipronil da ake ɗigawa a ƙeya sau ɗaya a wata, amma shi kuma ba a sa wa zomo. Kaskar kare na ɓuya a tsagar bango, ƙwan ƙuma na makwanci, don haka sai an haɗa da wurin kwanansu.

Idan bayan magani dabba ta fara dalalar miyau, rawar jiki ko tangaɗi, wanke ta da ruwa mai yawa da sabulu, ka kai ta inuwa, ka kira likitan dabbobi da kwalbar a hannunka, don sunan sinadarin ne zai gaya masa makarin da zai yi amfani da shi. Ruwan wankin inji kada ya shiga rafi ko tafki, yana kashe kifi. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne, kada a zuba man gyaɗa a ciki.