Yadda ake zaɓar taurin aksil ɗin baya na motar kat gwargwadon yanayin titi

Motar kat, ƙaramar motar tseren nan da direba ke zama dab da ƙasa, ba ta da shokozoba, ba ta kuma da giyar da ke raba gudu tsakanin tayoyin baya kamar motar gida. Sandar ƙarfe guda ce, wadda makanikai ke kira aksil, ta haɗa tayoyin biyu. Duk juyin da ɗaya ta yi sai ɗayar ta yi irinsa. A kwana kuwa tafiyar tayar waje ta fi ta ciki nisa, don haka idan duka biyun suka kafe a ƙasa motar za ta ƙi juyawa, ta miƙe gaba ko da ka murɗa sitiyari. Dole ne tayar baya ta ciki ta ɗan ɗaga ta bar ta waje ta yi aiki. Duk maganar taurin aksil a kan wannan ɗagawar take: yaushe tayar ta tashi, tsawon wane lokaci ta yi a sama, da yadda ta sauka.

Mataki na 1: San abin da ke jikin motarka

Motocin manya, irin su ajin OK da KZ da Rotax Senior da X30, galibi aksil mai kaurin milimita 50 suke ɗauka, na yara kuma mai milimita 30. Sandar bututu ce, ba curarren ƙarfe ba, kaurin bangonta kusan milimita 2 a na manya, tsawonta kuma sau da yawa milimita 1,030. Kowane kamfani da alamominsa. OTK na Italiya, mai ƙera Tony Kart da Kosmic da Exprit, da haruffa yake aiki: N ne matsakaici, H ya fi shi tauri, Q da U sun fi shi laushi. Kada ka ɗauki harafin wani kamfani ka auna na wani da shi.

Ka fara da matsakaici. Ka rubuta faɗin baya, tsawon hob (ƙarfen da ke riƙe taya a jikin aksil), iskar taya da wurin zaman kujera kafin ka taɓa komai.

Akwai abin da ya kamata ka sani a nan, domin ana yawan jayayya a kansa. Kusan duk ƙarfen da ake ƙera aksil da shi, lanƙwasuwarsa a ƙarƙashin nauyi ɗaya ce, idan kaurin sandar da na bangonta daidai suke. Abin da ke canza tauri sosai shi ne kaurin sandar, kaurin bangon, da tsawon ɓangaren da ya fito bayan boris. Duk da haka direbobi suna jin bambanci tsakanin mai laushi da mai tauri, kuma agogo yakan gaskata su. Ni dai shawarata ita ce ka bar jayayyar, ka dogara da abin da idonka ya gani da abin da agogo ya nuna.

Mataki na 2: Karanta titin

Titin da aka yi tsere a kansa da safe ba shi ne na la'asar ba, ko da kwaltar ɗaya ce.

Titin da ba robar taya a kansa, wato wanda ruwa ya wanke ko aka daɗe ba a hau ba, riƙonsa kaɗan ne. Haka safiyar sanyi take a Lonato ta arewacin Italiya a lokacin hunturu, haka ma filin Sakhir na Bahrain idan iska ta watsa yashi a kan kwalta. Bayan motar yana sulɓewa, tayoyi ba sa ɗaukar zafi da wuri. Abin da aka fi yi a nan shi ne a matsa zuwa aksil mai tauri, domin yana danna tayar waje a ƙasa da ƙarfi, ya sa ta ciji titi.

Idan kuma motoci da yawa suka yi kwana biyu ko uku suna zagaye da taya mai laushi, sai layin tsere ya yi baƙi ƙirin da roba. Wanda ya taka wajen da ƙafa zai ji takalminsa na mannewa. Wannan ne yanayin manyan gasa a wurare masu zafi irin su Sarno ta kudancin Italiya. Riƙo ya yi yawa, tayar ciki ta sauka da wuri, inji ya shaƙe a fitar kwana, wani lokaci motar ta riƙa tsalle har haƙarƙarin direba ya yi tsami. Ƙa'idar da aka saba ji ita ce a sa aksil mai laushi don a saki motar. Amma a nan ne ake yawan kuskure, domin akwai makanikai da dama, musamman masu aiki da firam ɗin OTK, wato ƙashin jikin motar, da ke komawa H idan roba ta taru, kuma motar ta saku musu. Firam mai laushi da firam mai tauri ba sa amsa sanda iri ɗaya. Nauyin direba da tsawonsa ma suna shiga ciki: dogon direba yana jefa nauyi gefe da ƙarfi, tayar ciki ta fi saurin tashi.

Tsohon titi mai gargada ya fi son aksil mai laushi, don yana shanye bugun. Daɓen siminti mai santsi ka ɗauke shi kamar titi marar roba.

Mataki na 3: Sa mutum ya tsaya a kwana

Wannan matakin ya fi sauran muhimmanci, kuma ba ya cin ko kwabo. Zaɓi kwana mai tsanani, a tsaya daga wajen shinge, a zuba wa tayar baya ta ciki ido. Idan da waya, a ɗauki bidiyo mai jan lokaci. Abin da ake so shi ne tayar ta tashi a hankali da shigar kwana, ta tsaya a sama kamar kaurin yatsa ɗaya ko biyu har tsakiyar kwanar, sannan ta sauka lami lafiya daidai lokacin da direba ya taka totur.

Idan ba ta tashi ba sam, gaban motar zai riƙa turawa waje. Idan ta tashi da sauri ta faɗo, ta sake tashi, tsallen ke nan. Idan ta sauka kafin tsakiyar kwana, za ka ji ƙarar inji ta yi ƙasa kamar an riƙe motar ta baya. Idan kuwa tana tashi daidai amma baya na sulɓewa a fita, riƙon tayar waje ne bai isa ba.

Bayan an dawo, ka dubi fuskar tayoyin baya. Roba mai ɗan kaushi daidai ko'ina alama ce mai kyau. Wadda ta yayyage ta dunƙule a gefe tana shan wahala, wadda ta yi sumul kuma ba ta ɗauki zafi ba.

Mataki na 4: Gwada gyara mai sauƙi tukuna

Canza aksil aiki ne mai cin lokaci, don haka ka fara da ƙanana. Dokar CIK-FIA, hukumar tseren kat ta duniya, ta ƙayyade iyakar faɗin motar manya a santimita 140, yawancin direbobi kuma a kusa da nan suke farawa. Matso da hob ciki da milimita 5 kowane gefe ka ga abin da zai faru. Dogon hob yana rufe sandar da yawa, ya sa ta yi kamar mai tauri, gajere kuma ya bar ta ta lanƙwasa. Idan motarka mai boris uku ce, sassauta na tsakiya yana sakin baya. Idan gajeren hob ya inganta lokacinka, ka samu alamar inda za ka nufa da aksil.

Mataki na 5: Canza sandar

Ɗora motar a kan teburinta, cire tayoyi da hob, sauke sarƙa. Auna nisan da sandar ta fito kowane gefe ka rubuta. Kwance ƙananan sukurorin boris, da na mariƙin faifan birki da na mariƙin farantin sarƙa. Inda sukurori suka bar tabo a jikin ƙarfe, goge shi da samfefa, in ba haka ba sandar za ta maƙale a cikin boris. Buga ta da gudumar roba kawai, gudumar ƙarfe tana buɗa bakin bututun. Zura sabuwar, daidaita ta da awon da ka rubuta, ka tabbata faifan birki na tsakiyar mazauninsa, farantin sarƙa kuma ya yi layi ɗaya da na inji. Juya ta da hannu. Idan tana rawa ko tana tsayawa a wuri ɗaya, ko dai ta lanƙwashe ko boris bai zauna daidai ba. Kafin motar ta sauka ƙasa ka taka birki ka ji ya kama.

Mataki na 6: Gwaji da agogo

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Taya ɗaya, iska ɗaya, faɗi ɗaya. Yi zagaye shida zuwa takwas da kowace sanda, kuma kada tazarar gwajin biyu ta yi tsawo, domin titi na canzawa da rana. Kada ka tsaya a kan zagaye mafi sauri kaɗai. Sandar da ta yi sauri a zagaye na uku tana iya dafa tayoyi ta ja da baya a na goma sha biyar, ita kuwa gasar ƙarshe doguwa ce.

Idan ruwa ya sauko ana dab da fita, ka bar aksil yadda yake. Sa tayoyin ruwa, faɗaɗa gaba, matse baya, in da hali ka ɗaga zaman direba kaɗan don nauyinsa ya taimaka wa tayar ciki ta tashi. Idan ruwan na yini ne kuma akwai sarari tsakanin fita da fita, sannan ka gwada aksil mai tauri, ka rubuta sakamakon a littafinka tare da sunan filin, awar da aka fita da zafin kwalta.